Tsakanin Tumbun Kwali da Maduram

Kacalla ce ta kore mu daga Guri. Wanda bai san ta ba zai ce ai ciyawa ce kawai, amma ciyawar nan ta toshe hanyoyin ruwan da iyayenmu suke kamun kifi, ta cinye gonakin shinkafa, ɗan abin da ya tsira kuma tsuntsun jan-baki ya fito daga cikinta ya ƙarasa. Maigidana, Malam Isyaku, masunci ne ɗan masunci. Da ya gaji da dawowa gida hannu na dukan cinya, sai ya ce tabkin Cadi za shi, kamar yadda sa'o'insa da yawa suka tafi. Galibi maza su kaɗai suke tafiya, su bar mata a gida. Ni na ce ƙafata ƙafarsa. A lokacin na yi haihuwa biyu, duk ba su zauna ba, zaman ɗaki ni kaɗai kuma ya fi mini kowace irin tafiya nauyi.

A Doron Baga, bakin tabkin, na fara sanin mun bar gida. Ban taɓa ganin bandar kifi mai yawan ta ranar ba, kwali kan kwali har ya fi tsayin mutum, ga yare iri-iri kowa na ɗaga murya da nasa. A nan muka shiga wani babban jirgin katako mai inji, an cika shi da buhunan gari da jarkokin mai da awaki, mu mata aka cusa mu a tsakiya. Na ɗauka da mun tashi zan ga ruwa iya ganina. Sai ga mu muna bin wata siririyar hanya tsakanin dogayen ciyayi, hagu da dama ba a ganin komai. Na juya na ce da Malam, ashe abin da muka guda a gida shi muka zo muka tarar. Ya yi dariya ya ce in yi haƙuri. Can da rana ta ɗaga ciyawar ta buɗe, na ga ruwan da ba shi da ɗaya gaɓar. Sai na kama salati.

Da muka shiga ɓangaren Cadi, jandarmomi suka tsayar da mu a wani tudu. Ba sa jin Hausa, mu ba ma jin abin da suke faɗa. Suka fito da maza suka jera su a rana, ana ta maganar takarda, aka daɗe kafin mai jirgi ya san yadda ya yi da su. Ni kuwa tun da muka taso nake amai. Wata Balarabiyar Shuwa da ke kusa da ni ta kwance bakin mayafinta ta ba ni busasshen lemon tsami, ta nuna mini in riƙa tsotsa. Ta dube ni ta dube ni, sannan ta nuna cikina da yatsa ta yi dariya. Na girgiza kai, na nuna mata ruwa, wai shi ne ya juya mini ciki. Ta ƙara yin dariya. Ita ta riga ni sanin ina da juna biyu. Ban san sunanta ba, a tsibiri na gaba ta sauka.

Masunta suna kiran tsibiran tabkin da tumbu. Wanda muka nufa sunansa Tumbun Kwali, saboda yawan kwalayen bandar da ake lodi a bakin ruwansa. Gari ne sosai, ba irin sansanin da na zata ba. Akwai kasuwa, akwai masallacin Juma'a, akwai masu shayi da teloli da injin niƙa, akwai wani malamin asibiti mai ɗakin shan magani da yake allura har da ƙarin ruwa. Hayaƙin banda kuwa ba ya yankewa, har tufafin mutum da gashin kansa sai sun ɗauka. Kowace ƙabila da unguwarta. Da muka tambaya aka nuna mana ta Haɗejawa, ina shiga na ji wata mata tana yi wa ɗanta faɗa da irin maganar gida, sai hawaye suka zubo mini. Ita ce Yaya Asabe, mutuniyar wajen Baturiya, mai sayar da tuwo. Ba ta tambaye ni ko ni 'yar wace ce ba sai da ta ga na cinye abin da ta zuba mini, tuwon masara da miyar kuka mai daddawa.

A rumfarta muka haɗu da Ɗanliti. Mutum ne mai fara'a, ya san kowa a Guri, har ya kawo sunan kawun Malam ya ce tare suka yi su a Nguru. Ya ce ɗan gida ba zai kwana a rumfa ba alhali yana raye. Ya kai mu wani fili shimfiɗaɗɗe a gefen gari, kusa da inda jirage suke tsayawa, ya ce nasa ne, zai bar mana a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Malam ya duba, ya ga damina ta wuce, ƙasa a bushe. A wajenmu idan damina ta wuce, ambaliya ta wuce ke nan. Muka ba shi kusan duk abin da muka zo da shi, har da ɗan kunnen zinaren da na gada.

Muka kafa ɗaki na zana da kara, Malam ya gina mini murhun banda da laka. Wata biyu na farko na ji daɗin duniya. Shi yana shiga ruwa da wasu 'yan gida, ni ina ƙyafe tarwaɗa, da yamma in tafi hira wajen Yaya Asabe.

Abin da ba mu sani ba shi ne, ruwan tabki ba da ruwan sama yake cika ba. Daga wani kogi mai nisa yake zuwa, sai lokacin sanyi yake isowa. Da farko na ga bakin ruwa yana matsowa, na ce ko idona ne. Sannan ƙasan ɗaki ya fara danshi. Wata safiya na sauko da ƙafa daga gado na ji ta cikin ruwa, takalmina yana yawo a bakin ƙofa. Kafin mako ya zagayo murhuna ya narke ya zama taɓo. Muka kwashe abin da ya kwasu muka koma tudun bayan masallaci. Aka nemi Ɗanliti aka ce ya yi Baga. Daga baya muka ji ba mu ne na farko da ya sayar wa wannan fili ba, duk shekara ruwa yana wanke masa shi ya sake samun baƙo.

Ba asarar ce ta fi yi mini ciwo ba. Mutanen unguwa sun sani. Ɗanliti ƙanin mai unguwar Haɗejawa ne, babu mai son ya ɓata da su. Na tambayi Yaya Asabe kai tsaye. Ta sunkuyar da kai tana juya muciya, ta ce, "Wallahi na ɗauka bana ruwan ba zai kai can ba. Bara bai kai sosai ba." Ta ba ni wuri a ɗakinta, ta ci gaba da ciyar da ni, ban kuma daina son ta ba. Amma wani abu ya zauna mini a rai.

Muna cikin wannan hali wani Babudume mai suna Ari ya zo sayar da kifi. Buduma su ne asalin mutanen tsibiran, tun kafin kowa ya zo. Malam ya taɓa gyara masa komar kamun kifi bai karɓi komai ba. Da ya gan mu zaune a kan kayanmu, sai ya ce da Malam cikin gurguwar Hausarsa mu biyo shi garinsu, Maduram, akwai kifi, akwai tudu, kuma yana son abokin aiki wanda ya iya saƙa gura, wato tarkon kifi. Matan unguwa suka yi mini caa. Suka ce mutanen nan ba a gane cikinsu, kakanninsu 'yan fashin ruwa ne, ga ni da ciki, can kuma ko mai sayar da ƙwayar ciwon kai babu. Malam ya ce mu je mu yi kakar kifi ɗaya, idan haihuwa ta matso ya dawo da ni. A haka muka tafi.

Tafiyar wuni ce a jirgin Ari. Muna dab da isa na hango wasu abubuwa farare suna tafiya a kan ruwa, na kama hannun Malam. Ashe shanu ne suke iyo daga wani tsibiri zuwa wani, ƙahoninsu manya-manya kamar an hura, hancinsu kaɗai a sama, makiyayin yana biye da su kwance a kan wani itace mara nauyi. Maduram kuwa ƙaramin gari ne a kan rairayi, bukkokin ciyawa kamar an kife ƙorai, 'yan itatuwan goriba, da masallaci na zana. Babu inji, babu kasuwa. Shirun wurin har tsoro ya ba ni.

Uwar Ari, Ya Kellu, ita ta karɓe ni. Doguwar tsohuwa ce baƙa, mai zane a kumatu, ba ta jin Hausa ko ta sayen gishiri. Allah ya taimake ni kakata ta wajen uba Babarbariya ce, na tashi da ɗan Barbarci a kunnena, su ma suna jin sa. Da shi da nuni muke magana. Ta kwashe kayan jikokinta daga wata bukka ta ce in shiga. Kullum da safe sai ta aiko mini da ƙoƙon madara da ɗuminta. Ba ta kiran sunana, sai feronyi, wato 'yata.

Duk da haka na sha kewa. Abincinsu madara da kifi da tuwon masara, babu daddawa, babu kuka, babu yaji. Tun kafin magariba sauro yake saukowa, kowa ya shige gidan sauronsa da ƙwaryar tuwonsa, hira ta ƙare. Mata suna zaune suna dariya da yarensu, ni ina gefe kamar kurma. Sai in tafi bakin ruwa in fuskanci yamma in tuna Inna, mahaifiyata, tana shanya kuɓewa a kan rufin ɗaki, in tuna ƙarar tabarya a gidanmu ranar kasuwar Guri. Wata rana Ya Kellu ta iske ni a nan ina kuka. Ta zauna a bayana ta warware mini kitso ta sake yi, irin nasu.

Da watan haihuwa ya kama muka shirya komawa Tumbun Kwali. Sai iska ta juya. A tabkin nan akwai ciyawa mai yawo a kan ruwa, faɗinta ya fi gona, iska ke kora ta. Ta zo ta toshe hanyar fita daga Maduram gaba ɗaya. Maza suka shiga da adduna suna sara, suna buɗewa tana rufewa. Suna can naƙuda ta zo mini, da hantsi.

Ba zan iya ba da labarin wunin nan duka ba. Na san dai na daɗe, na san na fidda rai, na kuma roƙi Ya Kellu ta gaya wa Malam ya yafe mini. Ta daka mini tsawa da yarenta, ta kira mata biyu suka tallafe ni, ta yi ta shafa cikina da man shanu tana juya shi a hankali tana karanto abin da ta sani. Wajen la'asar yarinya ta faɗo, ba kuka. Na juya fuskata jikin zana, don na san wannan shirun, na ji shi sau biyu. Tsohuwar nan ta ɗaga ta, ta sa baki ta tsotse mata hanci ta tofar, ta hura mata iska, ta murza mata baya da tafin hannu. Can sai na ji wani ɗan sauti kamar na mage. Daga nan ta canyara kuka.

Muka sa mata sunan Inna, Hauwa'u, muna kiran ta Ummi. Na yi wa Ya Kellu bayanin wankan jego, ta riƙe baki tana mamakin mutanen da suke dafa mai jego da ranta. Amma washegari ta tura aka yo mata itace, abin da yake da wuya a tsibiri, ta dafa ruwa ta yi mini, safe da yamma, har na yi arba'in. Kunun kanwa kam na sha har na gode Allah, kanwa a can ƙasarta ce.

Bayan arba'in saƙo ya zo daga Tumbun Kwali. Mai unguwa ya ji kunyar abin da ƙaninsa ya yi, ya ce mu dawo, ya ba mu ɗaki a tudu, cikin unguwa, kyauta. A makon nan kuma dattawan Maduram suka kira Malam suka nuna masa wuri kusa da gidan Ari, suka ce idan muna so mu kafa namu, su ba mu kuma inda za mu yi shuka idan ruwa ya janye.

Malam ya zaunar da ni ya ce, "Hajara, ni ko'ina a kan ruwa nake wuni. Ke ce mai zaman gida. Duk inda kika ce, nan ne."

Da ya yanke da kansa da ya fi mini sauƙi. Na ce ya kai ni Tumbun Kwali in kwana biyu tukuna.

Matan unguwa suka tare ni da guɗa, Ummi ta yi ta yawo daga hannu zuwa hannu. Na ci tuwo da miyar kuka har na kasa tashi. Na yi hira da yarena har muryata ta dushe. Ɗakin da aka ba mu mai kyau ne, har da ƙofar kwano. Yaya Asabe ta zauna ta jero mini abin da ni ma na sani: a nan akwai makarantar allo da yarinya za ta shiga, a nan zan sayar da bandata da hannuna, a nan jirgin Baga yake zuwa duk mako da labarin gida. Ta ce can kuwa 'yata za ta tashi ba ta san gaisuwar Hausa ba. Sannan ta rage murya ta ce in tuna na rasa biyu, kada in kai ta ukun inda babu mai allura.

Na ce, "Yaya, biyun da na rasa, kusa da asibiti na rasa su."

Ta ce wannan ba hujja ba ce. Gaskiyarta, ba hujja ba ce. A ranar zuciyata ta fi karkata ga zama.

Ana gobe za mu ba mai unguwa amsa, wani dattijo mutumin Kirikasamma ya rasu a ɗakinsa. Ya fi shekara ashirin a tsibirin yana ɗinkin koma. Rasuwar ta faɗo ranar lodi, ranar da jirage suke tashi zuwa Baga, wanda duk kwalinsa bai shiga ba sai wani makon, kifinsa kuma ya lalace. Aka rufe shi da zane aka ja ƙofa, aka ce sai jirage sun tashi. Ban ce mugaye ba ne. Kowa da iyalin da ya baro suna jiran abin da zai aika. Sai bayan azahar aka yi masa sutura, Malam yana cikin 'yan ƙalilan da suka ɗauke shi. Da ya dawo ya ce mini maƙabartar ma a gangare take, rabin shekara tana cikin ruwa. Kafin la'asar wani ya zo yana tambayar wa zai gaji ɗakin.

Na zauna na dubi unguwar da idon da ban dube ta da shi ba. Mutum ya shekara goma a nan amma kayansa suna cikin buhu. Babu wanda ya dasa ko zogale. Kowa cewa yake bana ce ta ƙarshe, baɗi gida. Wurin nema ne, kuma sun yi gaskiya da suka ɗauke shi haka. Ni kuwa ba nema ya fito da ni ba, wurin zama nake so, inda za a san na kwana lafiya ko ban kwana ba.

Da safe na ce da Malam mu koma Maduram. Bai tambaye ni dalili ba. Yaya Asabe ta yi fushi, ta ce na zaɓi bare na bar dangi. Amma da muka zo shiga jirgi sai ga ta da gudu, ta jefo mini ƙullin daddawa da garin kuka, ta juya ta tafi.

Mun shekara goma sha uku a Maduram. Na haifi uku bayan Ummi, duk a hannun Ya Kellu, duk suna raye. Na koyi yarensu har ina faɗa da shi. Idan ruwa ya janye mukan bi danshi mu shuka masara da wake, ba taki ba ban-ruwa, su yi kyau kamar a fadamar gida. Na dasa kuɓewa da yakuwa a bayan ɗaki, na koya wa matan garin miyar taushe, su kuma suka koya mini tatsar saniya mai irin wannan ƙaho ba tare da tsoro ba. Malam ya zama mai koya wa yara karatu da yamma, don babu wanda ya fi shi izu a garin. Ba a kulle ƙofa, don babu ƙofar. Idan ɗan maraƙi ya ɓace, gari duka ke fita nema.

Amma zaɓi yana da farashi, na kuwa biya nawa. A shekara ta huɗu, wata rana Malam ya dawo daga kai kifi Tumbun Kwali. Na hango shi ya ɗaure jirgi, amma bai hauro ba, ya zauna a bakin ruwa ya daɗe. Da ya shigo ya ce in ba Ummi ta je wajen Ya Kellu. Inna ta rasu. Saƙo biyu ya tarar a wajen Yaya Asabe. Na farko na cewa ba ta da lafiya, tana ta kiran sunana, in zo. Na biyu na rasuwar. Lokacin ciyawa ta sake rufe mana hanya, babu wanda ya shigo, babu wanda ya fita. Kafin labari ya iso ni har an yi sadakar arba'in. Da a Tumbun Kwali nake, da na same ta da rai, da ta ga takwararta.

Matan Maduram suka zo suka cika bukkata, suka zauna da ni kwana uku, ba su taɓa ganin Inna ba amma suka yi kukanta. Na daɗe ban yafe wa kaina ba. Wani lokaci in dubi ruwan nan in ji na tsane shi. Malam ya ce idan ina so mu tashi, mu tashi. Na ce a'a, wadda zan tashi dominta ta riga ta tafi.

Abin da ya tashe mu daga baya kowa ya san shi. Masu bindiga suka fara shiga tsibirai, yau a ji sun ƙone can, gobe sun kwashe samarin can. Hukuma ta ce kowa ya fita daga cikin ruwa. Mutanen Maduram suka yanke su bi shanunsu su yi gabas, zuwa tudu, wajen danginsu. Mu hanyarmu yamma ce. Ari ya ce mu biyo su, Malam ya ce yara sun girma ba su san kowa nasu ba, lokaci ya yi.

Ya Kellu ta tsufa sosai a lokacin, sai an ɗauke ta. Aka sa ta cikin jirgi a kan tabarma. Na durƙusa a ruwa har gwiwa na riƙe hannunta. Ta shafa kan yaran ɗaya bayan ɗaya tana kiran sunayensu, ta zo kan Ummi ta daɗe. Sannan ta ce da ni da yarenta, "Ki tafi, feronyi. Kin zauna da mu da kyau." Shanu suka shiga ruwa, jiragensu suka bi baya. Mu muka zagaya ta ƙasar Nijar, a mota da ƙafa, har muka faɗo Gashuwa, daga nan gida. Ban sake jin labarinta ba. Na tambayi duk wanda na ji ya fito daga wajen, babu wanda ya sani.

Yanzu a Haɗeja muke, kusa da kasuwar kifi. Ina bandata, Malam yana saƙa gura yana sayarwa, gwiwa ta hana shi shiga ruwa sosai. Yarana idan ba sa son maƙwabta su ji abin da suke faɗa, yaren Maduram suke juyawa.

Bara muka aurar da Ummi. Ana cikin biki sai ga Yaya Asabe, ta tsufa, haƙoran gaba sun zube, amma muryar tana nan. Muka rungume juna muka yi kuka muka yi dariya. Ta ce ƙura ta ɗan lafa, mutane sun fara komawa Tumbun Kwali, har an tayar da injin niƙa, ita ma bayan salla za ta koma. Na tambaye ta Maduram. Ta ce wani mai jirgi ya bi ta gefensa, babu kowa, babu bukka ko ɗaya, ciyawa ta rufe har inda masallaci yake.

Washegarin biki da safe ina wanke tukwane, Malam ya zo ya zauna a kan turmi. Na san maganar da ke bakinsa, don tun jiya na ga yadda yake sauraron Yaya Asabe. Ya ce yara sun kama gabansu, kifin nan na gida ba ya cika kwando, can kuwa an ce ruwa ya huta, tarwaɗa har ta yi yawa. Ko za mu gwada Tumbun Kwali, ko da shekara ɗaya?

Na ce idan yana so ya je ya yi kaka ɗaya ya dawo, ba zan hana shi ba. Amma ni na riga na zaɓa tun tuni.

Ya yi murmushi ya ce, "Uwar Ummi, garin da kika zaɓa ai babu shi."

Na ce, "Na sani, Malam. Amma ban sake shawara ba."

Sannan ya tashi ya ɗauko gurar da ya fara jiya, ya zauna a inuwa ya ci gaba da saƙa. Bayan salla Yaya Asabe ta tafi. Shi bai je ba.